Ƙasa ta ƙi shan ruwan sokawe: yadda aikin gyaran ke tafiya

9 ga Agusta

Yau kwana uku ke nan muna jin wari daga filin da ke bayan ginin. Da safe na je dubawa, ina taka ciyawar sai ƙafata ta nutse har idon sawu, ruwa mai launin toka ya tsatso ya cika sawun da na bari. Ciyawar wurin ta fi ta ko'ina kore da tsayi, kuma a miƙe take sambal kamar an ja igiya an shuka ta. A cikin gida kuma, in an kora ruwa a masai sai ka ji yana ɓulɓula, yana sauka da ƙyar.

Ga yadda namu yake, don wanda zai karanta ya gane abin da nake nufi nan gaba. Duk ruwan banɗaki da na wanke-wanke yana zuba ne a tankin sokawe mai cin lita 4,500. A ciki mai nauyi ya kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya fita ta bututu zuwa wani ƙaramin akwatin siminti da ke raba shi gida uku. Daga nan layuka uku ne na bututu mai huda-huda, kowanne tsawon mita 20, an kwantar da su cikin tsakuwa a rami mai faɗin santimita 60. Wannan wurin nake kira filin tsotso. Aikinsa ya miƙa wa ƙasa ruwan kaɗan-kaɗan ta tace shi. Yanzu ƙasar ce ta ce ta ƙoshi.

Na kewaye wurin da igiya, na gargaɗi yara kada wanda ya taka. Ruwan nan ɗauke yake da cutar gudawa da taifod da tsutsar ciki, ba abin wasa ba ne.

11 ga Agusta

Niyyata in kira motar kwasa yau ɗin nan a zuƙe tankin a huta. Tsohon mai gyaran famfon da na ɗauko ya hana ni. Da ya ɗaga murfi ya haska da tocila, ruwan ya shanye bututun fita gaba ɗaya, alhali kamata ya yi a ce yana daidai gindin bakinsa. Ma'ana filin ne ya cika yake mayar da ruwa baya.

Na ce, "To Baba, ai kwasar ce magani."

Ya ce, "Ɗana, tankinka na roba ne, ƙasar da ke kewaye da shi kuma ta jiƙe sharkaf. Ka zuƙe shi yau, gobe ka tarar ya taso kamar gora a kogi, ya karya bututun duka biyu. Ko bai taso ba, ruwan filin zai dawo ya cika shi cikin 'yan kwanaki. Ruwa ba ya tsami banza. Mu fara gano wane ruwa ne ya shaƙe wurin."

Ya ce ruwa huɗu ne ke kashe filin tsotso: wanda gida ke turowa fiye da kima, wanda ke sauka daga sama, wanda ke gangarowa daga gefe, da wanda ke tasowa daga ƙarƙashi. Bayan su sai toshewar ita kanta ƙasar. Kowanne da maganinsa, kuma wanda ya haƙa sabon rami bai san wanne ke damunsa ba, sabon ma zai cika.

Da na matso zan leƙa sosai sai ya riƙe mini kafaɗa. Iskar cikin tanki tana kisa. Akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa hanci ke daina jin ta, akwai mai kama wuta, ga shi babu iskar numfashi a ciki. Ba a shiga, ba a sunkuya a kai, ba a kunna ashana kusa. Na rubuta wannan a nan don in riƙa tunawa.

13 ga Agusta

Mun fara da ruwan gida tunda shi ne a hannunmu. Na karanta mitar ruwa kwana biyu a jere: lita 1,900 a yini, mu bakwai. Abin ya ba ni mamaki. Daren jiya da ƙarfe 10 na rufe kowane famfo na rubuta lamba, da ƙarfe 5 na asuba na sake dubawa. Lita 210 sun wuce kowa yana barci. Lita 30 ke nan a awa, 720 a yini.

Na ɗiga tawada a tankin masai guda biyun, ban kora ba. Cikin minti goma shuɗi ya bayyana a kwanon na ɗakin yara. Robar da ke toshe gindin tankin ta taurare ta lanƙwashe, ruwa na silalewa ba ƙara ba motsi. Na canza ta da yamma.

Na yi lissafi. Gindin layukan uku murabba'in mita 36 ne. Lita 1,900 a kansu na nufin kowane murabba'in mita yana karɓar wajen lita 53 kullum. Ƙasa mai yumɓu irin tamu, masu tsara irin wannan aikin ba sa ɗora mata fiye da kamar lita 10 zuwa 20. Tun kafin a yi maganar ruwan sama, mun riga mun ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Uwargida ta yarda a raba wanki a kwanakin mako maimakon tara shi rana ɗaya. Wankin rana ɗaya yana ingiza ruwa da ƙarfi cikin tanki, ya motsa kwantai ya tura shi fili.

16 ga Agusta

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na fita da laima na tsaya ina kallo. Indararo biyu na bayan rufin duk a kan filin tsotso suke zuba. Shekara takwas ina gidan nan ban taɓa haɗa abin biyu a raina ba. Gwangwanin da na ajiye a sarari ya tara milimita 40. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, ɓangaren rufin nan kuwa murabba'in mita 70 ne. Lita 2,800 ke nan cikin awa biyu, ban da wanda ya sauka a kan filin kai tsaye, ban da wanda na ga yana malalowa daga tudun da ke sama da mu.

Bayan an ɗauke mun haɗa indararon da bututu, mun kai bakinsa can gefen gangare, nesa da filin.

20 ga Agusta

Baba ya zo da ƙarfen huda ƙasa. Mun huda wuri uku, ɗaya a saman filin ta wajen tudu, ɗaya tsakanin layi na biyu da na uku, ɗaya a ƙasan gangare. Duk ƙasar da ta fito sai ya jera ta a kan buhu bi da bi yadda ta fito, tun daga ta sama.

Santimita 30 na farko baƙa ce mai laushi. Daga nan ta koma ja-ja. Wajen santimita 60 sai launin ya rikiɗe, ta zama toka-toka da ɗigo-ɗigon tsatsa a jiki kamar zanen zabuwa. Ya ɗauki ɗan curi ya fasa a tafin hannunsa ya nuna mini. Ya ce wannan rubutun ruwa ne: duk inda ƙasa ke kwana cikin ruwa wata da watanni ba iska, ƙarfen da ke cikinta yana narkewa ya bar ta fari-fari, in ta bushe kuma ya taru ya yi tsatsa. Ko da rani aka haƙa za a ga wannan zanen, ya gaya maka iyakar inda ruwa ke kaiwa da damina. A mita 1.1 kuma ƙarfen hudar ya ci karo da yumɓu mai tauri. Da ya jiƙa shi ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya fito zare-zare ya fi tsawon yatsa bai tsinke ba.

To gindin layukanmu yana santimita 70 ne. Ruwa a ramin tsakiya ya tsaya a santimita 55 daga sama. Bututun a cikin ruwan ƙasa suke kwance. Abin da ake so shi ne a samu busasshiyar ƙasa aƙalla santimita 60, wasu dokokin ma har mita 1.2, tsakanin gindin rami da ruwan ƙarƙashi, don a cikin wannan tazarar ce ƙananan halittu masu shaƙar iska ke cinye dattin. Mu ba mu da ko taƙi ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan, domin ruwan da bai tatu ba yana tafiya ne ƙarƙashin ƙasa zuwa wajen wasu.

Mun saka bututu a tsaye cikin ramukan uku, mai huda a ƙasa da murfi a sama, don in riƙa zura sanda ina aunawa kowace safiya.

25 ga Agusta

Allura ta tono garma. Mun buɗe akwatin rabo, sai ga shi ya karkace, gefe ɗaya ya nutse da kusan santimita 4. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu, don haka duk abin da ke fitowa daga tanki layin farko yake bi, sauran biyun sai in ya cika ya tumbatsa. Layi ɗaya mai murabba'in mita 12 shi ke ɗaukar kayan gida duka. Shi ne wanda ciyawarsa ta yi kore.

Na san abin da ya karkatar da shi. Shekara biyu da suka wuce wata babbar mota ta kawo mana bulo, direban ya bi ta kan filin don ya sauke kusa da katanga, ni kuma ban hana ba. Nauyin ya danne akwatin, ya tsaga bututun layi na uku, ya kuma daddale ƙasar har ƙofofin da iska ke bi suka rufe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: saiwar bishiyar da ke jikin katanga ta bi tsagin ta cika bututun, muka zaro ta kamar gashin doki, tsawon hannu biyu.

A gindin akwatin akwai baƙin kwantai mai kauri, abin da bai kamata ya baro tanki ba. Baba ya ce in an kwashe za mu ga dalili.

Mun daidaita akwatin da ma'aunin lebur, mun toshe bakin layin farko don ya huta.

3 ga Satumba

Mita yanzu tana nuna lita 1,180 a yini. Ruwa a bututun awo na tsakiya yana santimita 62 daga sama. Warin ya ragu, masai ya daina ɓulɓula.

Masu ba da shawara sun yi yawa. Wani ya ce in zuba sinadari mai ƙarfi ya narkar da toshiyar, wani ya ce akwai garin da ake sayarwa mai "farfaɗo da sokawe", wani kuma ya ce in ja bututu a ɓoye in sake shi a kwata. Sinadarin zai kashe halittun da ke aikin ruɓar da datti ne, ya bi ƙasa ya gurɓata ruwa. Garin ba ya ƙara komai, don abin da ke shiga tanki kullum ya riga ya zo da nasa bakteriya. Ta ukun kuwa zalunci ce, kwashe cuta ne daga gidanka ka kai ƙofar maƙwabci.

21 ga Satumba

Kwana tara ba ruwan sama, ruwa a bututun awo ya sauka zuwa santimita 95 daga sama, Baba ya ce yanzu a kira mota. Kafin su zo ya naɗa farin tsumma a doguwar sanda ya zura har gindin tanki, ya bar ta minti kaɗan ya zaro a hankali. Zurfin ruwan santimita 120, baƙin kwantai ya ɓata 50 na tsumman, ɓawon maiƙon sama kuma kaurinsa ya kai 15. Fiye da rabin tankin ya tafi. Tanki yana bukatar ruwa ya zauna a ciki aƙalla yini guda kafin ya wuce, namu da lita 1,900 ke ratsa shi ko wannan da ƙyar yake samu. Abin da aka saba shi ne kwasa duk shekara uku zuwa biyar. Mu ba mu taɓa yi ba.

Da aka zuƙe sai dalilin kwantan akwati ya fito. Bututun fita ba shi da gwiwar nan mai siffar T wadda ke nitsewa cikin ruwan tsakiya ta hana maiƙo da tarkace wucewa. Mun same ta a gindin tanki, ta ɓalle ta faɗa, Allah kaɗai ya san tun yaushe. An sa sabuwa, an zura matatar tace datti a cikinta wadda za a riƙa zarowa ana wankewa. Muna gamawa muka zuba ruwa mai tsabta har kusan rabi don tankin ya samu nauyi.

Na karanta cewa wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, shi ya fara gina irin wannan tankin wajen 1860, ya yi masa rajista a 1881, yana ganin kamar datti narkewa yake ƙarƙaf a ciki. Har yau mutane da yawa haka suka ɗauka, ni ma haka na ɗauka. Yana raguwa, amma ba ya ƙarewa.

2 ga Oktoba

Yau muka tone layin farko a wuri biyu don mu ga cikinsa da ido. Tsakuwar sama fes take. Da muka kai ƙasan bututu sai ta koma baƙa ƙirin, tana santsi, an liƙe tsakaninta da wani abu kamar kwalta mai laushi. A inda tsakuwa ta haɗu da ƙasa, gindi da bango duka, akwai shimfiɗa baƙa mai yauƙi, kaurinta kamar yatsu biyu. Baba ya sa bakin shebur ya yanko ɓangare. Santimita kaɗan a bayanta ƙasar ja ce, ba ta ma jiƙe sosai ba. Na zuba kofin ruwa a kan baƙar shimfiɗar, ya zauna yana ƙyalli bai motsa ba. Na zuba wani a kan jar ƙasar da muka kankare, kafin mu gama magana ya shige.

Wannan shimfiɗar bakteriyar da ba sa son iska ne ke gina ta, da jikinsu da yauƙin da suke fitarwa da ɓarɓashin da ya tsero daga tanki. Kowane filin tsotso yana da ita, kuma 'yar kaɗan alheri ce, don tana rage gudun ruwa ta tace ƙwayoyin cuta. Abin da ke hana ta yin kauri shi ne iska: halittun ƙasa masu shaƙar oksijin suna cin ta daga waje muddin ƙasar tana samun bushewa tsakanin zuwan ruwa da zuwan ruwa. In rami ya zauna cikin ruwa dare da rana, masu cin ta su mutu, masu gina ta su samu abinci daga tankin da ba shi da gwiwa, sai ta toshe ko'ina. Ruwa ya ƙara tsayawa, iska ta ƙara yankewa, ita kuma ta ƙara kauri.

A nan na gane cewa duk abubuwan da muka gano tun watan Agusta hanya ɗaya suka bi suka yi ɓarna. Robar masai, indararo, motar bulo, ruwan tudu, kowanne iska ya hana ƙasar. Da na ɗauka rami ne mai haɗiye ruwa. Ashe wuri ne mai numfashi.

Maganin da ba ya cin komai shi ne hutu. In layi ya bushe wata shida zuwa shekara, shimfiɗar tana ruɓewa ta tsattsage, ƙasa ta dawo da wani kaso na shanta. Ba lallai ta dawo kamar sabuwa ba. Mun mayar da ƙasa mun bar shi a toshe.

18 ga Oktoba

Kwana biyar muna haƙa magudanar tare ruwan tudu, yau aka rufe. Mun jira ƙasa ta sha iska tukuna, don yumɓu in an haƙa shi da danshi shebur yana shafe bangon ramin ya zama kamar cikin tukunya. Ramin yana nesa da filin da mita 5 ta wajen tudu, ya ratsa gangaren a kwance ya lanƙwasa ta gefe, zurfinsa mita 1.2 don ya ɗan shiga cikin taurin yumɓun da ruwan ke zamewa a kai. An shimfiɗa yadin tace ƙasa, aka sa bututu mai huda na santimita 10, aka cika da wankakkiyar tsakuwa, aka naɗe. Gangarensa santimita ɗaya a kowace mita, bakinsa ya fito sarari can ƙasa an sa masa raga saboda ɓeraye.

Baba ya nace kada a matso da shi kusa da layukan, kada kuma a yi shi ta ƙasansu, in ba haka ba ruwan sokawen zai riƙa ja yana fitarwa waje. Ya kuma gaya mini gaskiya: irin wannan magudana tana aiki ne ga ruwan da ke zamowa daga gefe a kan yumɓu. In ruwan ƙarƙashin yankin ne gaba ɗaya ke tasowa, ba za ta iya da shi ba. Ba za mu san namu ba sai damina ta dawo.

30 ga Oktoba

Ko da lita 1,180, layuka biyun da ke aiki suna karɓar kusan lita 49 a murabba'in mita, in ukun ne ma 33. Da sauran rina a kaba. Dole a ƙara fili.

Mun gwada shan ƙasa a wuri biyu. Aka haƙa ƙananan ramuka, aka kankare bangonsu, aka cika su da ruwa suka kwana suna jiƙa, da safe muka auna minti nawa ruwa ke ɗauka ya sauka santimita 2.5. Kusa da tsohon filin, inda motar ta bi, minti 85. A gefen gabas da ya fi tudu, minti 40, kuma zanen tsatsa bai bayyana ba sai a mita 1.4. Dokoki da dama suna tsayawa ne a minti 60 ga ramuka irin na gargajiya. Gabas ta ci.

Da a ce gabas ɗin ma ba ta ci ba, sai dai a yi tudun yashi, irin wanda aka inganta a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a shekarun 1970: a tara yashi a kan ƙasa, a kwantar da bututun a cikinsa, inji ya riƙa tura ruwa sama lokaci-lokaci. Yana aiki inda ruwan ƙasa ke kusa, amma yana son wuta da kulawa, ya kuma ci wuri.

12 ga Nuwamba

Na kai zane da sakamakon awo ofishin da ke ba da izini, sun ce jami'i zai zo ya duba ramin gwaji da kansa kafin a fara. Abin da muka zana layuka huɗu ne na mita 20, marasa zurfi, gindinsu a santimita 50 don a samu tazarar 90 daga zanen tsatsa. Za a sa makunnin juya ruwa bayan tanki yadda za a iya hutar da tsohon filin ko sabon, ko a haɗa su in baƙi sun yi yawa. Rijiyar da ta fi kusa tana mita 38 daga kusurwar sabon wurin, na auna sau biyu.

An kafa turaku huɗu a bakin filin don kada mota ta sake shiga. Bishiyar katanga za a sare ta mako mai zuwa, na so in bar ta amma saiwarta ta riga ta san hanya. Na zaro matatar tankin na wanke a kan bakin tanki, ta kama gashi da zaren wanki fiye da yadda na zata cikin mako bakwai, don haka zan riƙa dubawa duk wata.

Awon safiyar yau: bututun sama a bushe, na tsakiya mita 1.05, na ƙasa mita 1.0. Mitar ruwa lita 1,040 a yini. Baba zai dawo da igiya da turaku ranar da jami'in ya sa, mu fitar da layin farko na gabas.